Gwangwanin Hansatu

A wata tunga ta masunta da ke bakin tafkin Kainji, ta ɓangaren Ngaski, babu wanda bai san gwangwanin Hansatu ba. Tsohon gwangwanin madara ne da take ajiyewa a bayan randa. Duk maganin da ya yi saura a gidan, nan take jefa shi: kafso ja da yalo, farare masu tsaga a tsakiya, ƙanana kamar ƙwayar dawa. Sana'arta bandar kifi ce, ba ta taɓa shiga aji ba, amma idan ɗan maƙwabta ya kwana da zawo, ita ake fara nema. Da kala take gane magani. 'Yan rubuce-rubucen da ke jikin ƙwayoyin kuwa ta ɗauka ado ne na masu kamfani.

Mijinta Mainasara masunci ne tun yana ɗan saurayi. Jikinsa duk tabon ƙugiya ne da na ƙayar kifi, kuma kowane tabo da kafson Hansatu ya warke. Yakan sha kwana biyu, da zarar zafi ya lafa ya ce ya isa, sauran a koma da shi gwangwani don gaba. Haka suka yi shekara da shekaru suna yi, ba su ga aibu ba.

Wata safiya da ruwa ya fara ja baya, ya taka kifin kurungu a cikin kwalekwale, ƙayar ta shige masa tafin ƙafa. Ya zare ta da haƙori, ya ci gaba da jan taru. Da ya dawo gida, Hansatu ta wanke wurin da ruwan gishiri, ta fasa kafso ta barbaɗa garin a kai, ta ba shi wani ya haɗiye. Wannan karon ƙafar ba ta saurara ba. Ta kumbura, ta yi sheƙi, zazzaɓi ya rufe shi. Sai ta tuna da wasu ƙananan farare da wata baƙuwa ta taɓa bari, ta ce suna sa ƙarfin jiki. Ta haɗa masa da su. Abin mamaki, zazzaɓin ya sauka, har ya ci tuwo malmala biyu ya koma ruwa. Hansatu ta yi ta godiya ga Allah.

Bayan 'yan kwanaki ya faɗi a bakin gaɓa. Da aka kwance tsumman da ya ɗaure ƙafar, yatsun sun yi baƙi, warin ya sa mutane ja da baya. Aka sa shi a jirgin inji zuwa Yelwa, kansa a kan cinyarta, ruwa na fallatso musu.

A asibiti likita ya duba ƙafar, ya tambayi abin da aka ba shi. Hansatu ta ce, "Magani na ba shi, likita, mai kyau. Ja da yalo."

"Ja da yalo kala ce, Inna, ba suna ba. Kin zo da shi?"

Ta zo da shi, naɗe a cikin zane. Aka tura ta wurin Ruth, wata mai matsakaicin shekaru da ke kula da ɗakin magani. Ruth ta zazzage gwangwanin a kan farin faranti, ta ɗauko madubin da ke ƙara girman abu, ta fara juya ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya da bakin cokali.

"Kin ga wannan harafin da lambar? Su ne sunan magani da ƙarfinsa. Wannan na kashe ƙwayoyin cuta ne. Wannan kuma kalarsu ɗaya, amma ba a rubuta komai a jikinsa ba. Ni kaina ban san abin da ke ciki ba, yana iya zama garin rogo."

Hansatu ta duƙa ta duba. A idonta duk ɗaya ne.

Ruth ta ware ƙananan fararen gefe, ta daɗe tana kallon alamar da ke kansu. "Waɗannan ma kin ba shi?"

"Su ne ma suka tada shi. Har ya koma ruwa."

Ruth ta ajiye madubin. Ta yi magana a hankali, ba faɗa a muryarta. Ta ce wannan shi ne maganin da wasu mata ke sha don su yi ƙiba. Yana ɓoye zazzaɓi da kumburi, yana kuma kashe wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta. Mutum zai ji ya warke alhali ciwon yana cin sa ta ciki. Shi kuma kafson, shan da ake yi ana yankewa ya sa cutar ta saba da shi, ba ta ƙara jin tsoronsa.

"To, ɗiyata, yanzu mi za a yi? Ku ba shi wanda ya fi ƙarfi."

"Za a ba shi, Inna. Sai dai an makara."

Aka yi ta ɗura masa allura ta jijiya, aka canza wata, aka sake canzawa. Baƙin ya haura idon sawu. Daga ƙarshe aka tura su babban asibiti a birni, can aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Da Mainasara ya farfaɗo, ya ɗaga mayafi ya duba, ya mayar ya rufe. Bayan kwanaki aka sallame su. An ba Hansatu magani a cikin kwalinsa, aka ja mata kunne ya sha har ya ƙare ko da ya ji sauƙi. Ta tsaya a kansa ya shanye tas. Gwangwanin ta baro shi wurin Ruth, ba ta ma waiwaye shi ba.

A tunga, ƙanen Mainasara ya karɓi kwalekwalen. Shi kuwa aka shimfiɗa masa tabarma a gindin mangwaro, yana ɗinke wa mutane taru, bayansa ga ruwa. Bai taɓa ɗora mata laifi ba. A wurinsa ma babu laifin da za a ɗora mata: ya yi imani masu asibiti ne suka yi gaggawar yanka, da an bar shi da kafsonsa da ya warke kamar kullum. Ta yi masa bayanin harafi da lamba yadda Ruth ta yi mata, ya saurara har ta gama, ya ce, "Hansatu, ke ma sun ruɗe ki."

Maƙwabta suka ci gaba da zuwa neman ja da yalo. Tana cewa babu, su tafi asibiti, suna kallonta kamar mai rowa. Wata ta ce mata a fuska, tun da ta je birni ta dawo ta zama likita. Sannu a hankali aka daina leƙo gidan. Ranar kasuwa mai tallan magani yana zuwa da kwandonsa, kowa ya saya da kala.

Da damina ta kama, dungulmin ƙafar ya fara ruwa. Ta ce su koma Yelwa. Ya ce ko gawarsa ba za a kai can ba, sauran ƙafar ma suke so. Ta roƙe shi, ta turo masa ƙanensa, ta turo liman, duk a banza.

Wata rana da hantsi ta dawo daga wurin banda, hayaƙi na cin idonta, ta same shi yana kwance ƙullin leda da wani ya sayo masa. Kafso ne guda uku. Ta karɓi ɗaya ta juya shi a tafin hannunta, ta kai shi kusa da ido. Babu harafi, babu lamba.

"Maigida, wannan ba komai a jikinsa. Ba a san ko mene ne ba."

Ya miƙo hannu. Jikinsa ya riga ya ɗauki zafi, tana jin hucinsa daga inda take tsaye.

"Ba ni abina," ya ce. "Ki ɗebo mini ruwa."

Ta tsaya a wurin har ya sake maimaitawa. Sannan ta ajiye masa kafson a kan tabarma, ta ɗauki moɗa ta nufi randa.