Makarar Mzee Kombo a Kan Tabarmar Soja

Motar soja ta sake kafewa a yashin gaɓar teku, karo na uku. Maƙwabcina dattijo, Mzee Kombo, yana zaune a ƙofar gida yana dariya har tari ya sarƙe shi.

"Kai, Afande!" ya ƙwala wa sajensu kira, yadda ake kiran soja a nan. "Shekara arba'in ina kora amalanken shanu a nan, ban taɓa shimfiɗa wa yashi tabarma ba. Baƙi zai yi?"

"Baba, ka ji da tarinka," in ji Saje Mwakio.

Wata tabarmar ƙarfe suka zo gwadawa, wadda ake warewa daga bakin ruwa don motocin da jirgi ya sauke su hau tudu ba su nutse ba. Suka kewaye gaɓar da igiya: kwana biyar, farar hula ba ya shiga.

Rana ta uku da hantsi 'yar Mzee Kombo, Mwanaidi, ta leƙo ta katanga.

"Baba ya cika."

Maƙabartarmu tana can ƙarshen gaɓa, kuma tuntuni ya nuna mana wurinsa, kusa da matarsa. Hanyar makara ɗaya ce, ta yashin nan, kafin teku ta ciko. Ta kan duwatsu sai mutum ɗaya-ɗaya, yana dafawa.

Ni aka tura wurin Saje.

"Umarni ne, Malam. Ko liman ba zai tsallake igiyar nan ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. "To mu binne shi a bayan gida ke nan?"

"Wa ya rasu?"

"Mai tsokanarka."

Ya juya yana kallon ƙofar gidan Mzee Kombo.

A nan duk namijin da makara ta biyo ta gabansa yakan sa kafaɗa, ko da taku uku ne. Saje Kirista ne, ɗan tudu ba ɗan gaɓa ba, ban zaci ya san haka ba.

"Ku kawo shi bakin igiya," ya ce. "Mu ba a hana mu tafiya a ciki ba."

Bayan an sallace shi muka miƙa wa sojojin makarar, muka kama hanyar duwatsu. Da na kai sama na waiga. Makarar tana tafe a kan tabarmar ba ko tangaɗi, soja yana karɓa daga kafaɗar soja, kowa hularsa a hannu, ruwa ya fara lasar gefen ƙarfen.