Kamiyon da ke Shan Man Gyaɗa

Bulala ta biyu ce ta sa Biba ta saki tulun. Ta farko a kafaɗa ta same ta, ta cije, ta ƙara rungume shi a ƙirji. Ta biyun kuwa ta naɗe mata wuyan hannu, yatsunta suka buɗe da kansu. Gardin mai bulalar, ɗan sandan gwamnati, ya cafe tulun kafin ya kai ƙasa, ya juye man gyaɗar cikin tano, babbar gangar ƙarfen da suka girke a tsakiyar layin masu mai.

"Shi ka ci da mu!" Biba ta ce da ƙarfi. "Kwana nawa ina suya, ku kwashe a banza?"

Ranar kasuwar Buza ce, hantsi ya ɗaga, gardawan kumandan masu jar hula suna bin mata ɗaya bayan ɗaya suna karɓe mai. Can bakin kasuwa, inda hanyar Madawa ke gangarawa cikin duwatsu, kamiyo, babbar motar kaya, na tsaye ya ba gari baya, an tokare ƙafafunsa da manyan duwatsu. Shofer ɗin, mai tuƙa shi, yana jingine da ƙofa yana goge hannu da tsumma, ya kau da kai kamar bai san wadda ake duka ba.

Ya san ta sarai. Kalla ne, danga ɗaya ta raba gidansa da nata.

Kalla ya tafi soja yana saurayi, can ya koyi tuƙi. Ya dawo da karyayyen haƙori da Faransancin bariki, ya kama aikin tuƙa wa kumandan na Madawa, Nasaran da ke mulkin yankin, tsohon kamiyo mai shan isansi, wato fetur. Matarsa ta rasu da daɗewa, bai sake aure ba, saboda haka duk ranar da aiki ya kawo shi gida, Biba ce ke miƙa masa tuwo ta saman danga. Da yaƙin Nasara ya toshe hanyar teku, isansi ya yanke, motoci suka kwanta, mutanen ƙasar Adar suka ɗan sami numfashi, don babu abin da zai hawo ya kwashi gero. Sai ga sabon kamiyo. Wani kamfani ne ya shigo da shi don ya nuna wa masu saye, gwamnati ta karɓe shi, aka damƙa wa Kalla.

Ranar da ya fara kawo shi unguwa, sai ka ce amarya ya kawo. Ya ɗaga murfin gaba yana nuna wa maza.

"Wagga ba irin tsohuwar can ba ta," in ji shi. "Ba ta son isansi, gazuwal taka sha, man dizal. Iska taka matsewa har shi yi zahi, mai shi kama wuta da kainai. In gazuwal ya ƙare ma, aradu man gyaɗa taka sha."

Aka kwashe da dariya. Biba ta leƙo ta ce in da gaske yake, ga ƙwarya guda kyauta. Ya tace man da gefen rawaninsa, ya zuba, aka tura kamiyon gangare, moter, wato injin, ya kama da tari da baƙin hayaƙi, unguwa ta ɗauki ƙamshi kamar ana toya ƙosai. Biba ta yi dariya ranar har da hawaye.

Ba a jima ba umarni ya zo daga Madawa: man gyaɗa na gwamnati ne, kamiyo zai sha don ya kai gero inda ake yaƙi. Tun daga lokacin Biba ta daina gaida Kalla, tuwo kuma bai sake tsallake danga ba.

Yanzu tana durƙushe tana duban wuyan hannunta yana tsattsafo da jini, sai ta ji kasuwa ta yi wani irin shiru. Mijinta Mahaman ne ya taho daga wajen masu dabbobi, da sanda a hannu. Manomi ne mai sanyin hali, wanda ko jakinsa ba ya duka. Ya dubi hannunta, ya dubi gardin, ya ɗaga sandar ya sauke masa a gefen kai. Jar hular ta yi tsalle ta faɗa cikin tano.

Gardawan suka rufar wa Mahaman. Gindin bindiga a ciki, takalmi a haƙarƙari, bulala ko'ina. Biba ta faɗa kansa, wani ya ja ta da gashi ya jefar. Babbansu, birgadiye Jika, dogon mutum mai tsaga a kumatu, ya tsaya har sai da Mahaman ya daina kare kansa, sannan ya ce a tashe shi.

"A kai shi kaso Madawa, a kulle shi. Amma ba ya hawa mota. Ku ɗaure shi baya, shi bi ta da ƙahwa, kowa shi gani."

Suka ɗaure hannuwansa da igiyar kaba, suka ƙulla ɗaya bakin a ƙarfen bayan kamiyon. Aka ɗora tano bisa motar. Jika ya juya wajen Kalla.

"Tashe ta."

Kalla ya ninke tsummansa a hankali. "Birgadiye, a sa shi sama bisa buhunna. Akwai wuri."

"Na ce ka tashe ta."

"Gangaren ga, in ta kama, ba ta san sannu ba. Doki ma ba ya bin ta, bale mutum da anka bugu hakan ga. Gawa za mu kai Madawa."

"Kai aka tambaya?"

"Ni ka tuƙi. Ba ni tashinta da mutum ɗaure baya."

Jika ya buge shi da gindin bindiga a baki. Kalla ya zauna daɓas a ƙasa, ya tofar da jini, ya girgiza kai. Jika ya sake buga masa a kunne. Mutanen kasuwa sun yi da'ira daga nesa, babu mai motsi.

"Kana zaton kai kaɗai ka san ta?" in ji Jika. "Kullum ina gefenka ina kallo." Ya haye mazaunin shofer, ya kama bolan, sitiyarin motar, da hannu biyu, ya leƙo ta taga. "Ku ɗebe duwatsun!"

"Kada ku ɗebe!" Kalla ya yi ihu. "Bai san inda furen yake ba!"

Sun riga sun ɗebe. Jika ya saki ƙarfen birkin hannu, kamiyo ya fara mirginawa shiru, babu ƙarar moter, sai ƙarar tsakuwa. Igiya ta miƙe, Mahaman ya bi ta da sassarfa, sannan da gudu. Can ya yi tuntuɓe ya faɗi, kamiyon ya ci gaba da jansa bisa duwatsu, rigarsa na yagewa, kansa na bugun ƙasa. Biba ta bi su tana kururuwa, zanenta na kwancewa. Ta hangi Jika yana ta take ƙafa a ciki yana neman birki, yana jan wannan yana tura wancan, mota sai ƙara sauri take.

Kalla ya wuce ta da gudu, rungume da ɗaya daga duwatsun tokarewa. Ta kasa gane yadda mutum mai shekarunsa ya yi gudu da irin wannan nauyi. Ya yanke ta gefen hanya inda ta yi kwana, ya tari kamiyon, ya durƙusa ya tura dutsen gaban ƙafar baya. Ƙafar ta hau dutsen, motar ta karkata, gindinta ya zame ya yi gefe, ya kwashe Kalla ya danne shi daga ƙugu zuwa cinya. Gaban ya daki bangon dutsen da ke bakin hanya, komai ya tsaya.

Tano ya faɗo ya fashe. Man matan Buza duka ya malala bisa hanya, ya bi ta ƙarƙashin Kalla, ya fito ɗaya gefen da ja a cikinsa.

Mahaman yana da rai. Fatar ƙirjinsa da gwiwoyinsa ta saɓule, amma yana salati. Jika ya fito da goshi a fashe, ya dubi motar, ya dubi mutanen da suka fara matsowa da duwatsu a hannu, ya sa gardawansa suka ɗaga bindigogi. Da yamma suka tasa Mahaman gaba a ƙasa zuwa Madawa, igiyar na nan a hannunsa. Ko ruwa ba su bari Biba ta ba shi ba.

Kalla kuwa, sai da maza suka ɗaga gindin kamiyon da itatuwa sannan aka jawo shi. Aka ɗauke shi bisa ƙyaure zuwa gidansa. Nuhu maɗori ya zo ya tattaɓa, ya fito tsakar gida ya ce wa dattawa ba ƙashi ne kaɗai ya karye ba, ciki ya fashe, ba aikinsa ba ne. Aka aika garin Allakaye a kira ƙanwarsa. Lokotoro, likitan asibiti, yana Madawa, kuma motar da za ta kai shi ita ce kwance a gangare.

Washegari Biba ta daɗe tsaye a bakin danga. Daga ɗakinsa tana jin nishi, babu kowa tare da shi, maza sun tafi gona. Ta dama fura, ta zagaya ta ƙofar gida, ta yi sallama.

Yana kwance bisa tabarma, an lulluɓe shi da bargon soja, leɓɓansa sun kumbura. Ƙudaje sun cika ɗakin.

"Biba? Ke ta?"

"Ni ta. Sannu, Kalla."

"Maigidanki hwa?"

"Sun tahi da shi."

Ya rufe ido. "Da ƙahwa tai?"

"Da ƙahwa tai."

"To, alhamdu lillahi."

Ta tallafi kansa, ta ba shi ludayi biyu, na uku ya dawo. Ta goge masa baki da gefen zanenta. Ta so ta yi masa godiya. Maimakon haka sai ta ji kanta tana cewa, "Kana tsaye anka buge ni. Kana goge hannu."

"Ina tsaye," in ji shi. Numfashinsa na ƙara. "Motar hwa? Gabanta ya lotse ƙwarai?"

Biba ta ajiye ludayin. "Kai yanzu mota kaka tambaya?"

"Ba ta da laihi, Biba. Ba ki san irin aikin da anka yi cikinta ba. Wanda yaƙ ƙera moter ɗin ga, da na gane shi da na sumbaci hannunai." Ya yi tari, ya damƙe tabarma har ta wuce. "In sun aiko wani shofer, a ce mai shi tace man sau biyu. In ba haka ba toshe ta zai yi."

"Allah shi sa ta toshe," ta ce. "Allah shi sa ta ruɓe inda take."

Ya yi wata ƴar dariya da ta fi kama da kuka. Ta ɗauki faifai ta shiga kore masa ƙuda.

Haka ta riƙa zuwa safe da azahar. Cikinsa ya kumbura ya yi tauri, ƙafar ta yi baƙi, wari ya fara korar masu zuwa dubiya. Ita ba ta fasa ba. Wani lokaci ya san ta, wani lokaci yana ba wasu sojoji umarni da Faransanci, ko ya miƙa hannu yana neman wani ƙarfe a iska. Ƙanwarsa Tabawa ta iso bisa jaki, suka riƙa karɓa-karɓa. Wani Nasara ya zo daga Madawa da sabon shofer, suka wuni a gangare suna ƙwanƙwasa kamiyon. Babu wanda ya hawo unguwa ya tambayi Kalla. Wani falke da ya fito Madawa ya ce ya ga Mahaman cikin ƴan kaso suna fasa dutse, an ɗaure masa gwiwoyi da tsumma, amma yana tsaye. An yanke masa ɗaurin shekara guda.

Biba ta kai wa Kalla labarin. Ya saurara, idonsa a kan rufin ɗaki.

"Shekara tana ƙarewa," ya ce. Can kuma ya ce, "Ki yahe mani tulunki."

"Tulu na nan, bai hwashe ba."

"To, abin da ke ciki."

"Na yahe," ta ce. "Kai ma ka yahe mani tuwon da na hana ka."

Ya motsa yatsu, alamar ya wuce.

Ya cika da hantsi, ran wata Alhamis, Tabawa na riƙe da kansa, liman na tuna masa kalmar shahada. Biba tana gidanta tana daka lokacin da kukan Tabawa ya tashi. Ta tsayar da taɓarya, ta yi salati, ta ci gaba da dakan, don hannunta bai san abin da zai yi ba in ba shi ba.

Maza suka ɗauke shi kafin azahar. Ta tsaya a ƙofar gida har makarar ta sha kwana bayan masallaci. Ba su da yawa, amma ta ga mazan matan layin mai a cikinsu, har da waɗanda suka rantse ba za su sake yi masa magana ba.

Ta koma ciki ta dama fura. Sai da ta gama ta rufe da faifai sannan ta lura ƙwarya biyu ta dama, ta maigida da ta maƙwabci. Ta jera su a inuwar rumbu, ta zauna gefensu ta miƙe ƙafa. Wata kaza ta zo ta leƙa, ta karkata kai, ta wuce.