Fayafayan Abban Afrah

Ɗakin da ke ƙarshen baranda, wanda mijinta Usaid yake kira ɗakin kiɗa, Safina ba ta buɗe shi ba tun ranar da aka kawo labarin hatsarin hanyar Kaduna, sai yau da takabarta ta shiga wata na biyu. Ta murɗa makulli ta tura ƙofar, ta tsaya tana jira ko za ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta. Shiru. Warin tsohon kwali ne kawai ya tarbe ta, da danshin damina. Ta buɗe taga, ta ɗaure labule.

Fayafayan garmaho ne cike da kanta biyu, a tsaitsaye kamar littattafai. Wasu Usaid ya gada wurin mahaifinsa, wasu ya tsinto a gidajen tsofaffin ma'aikata nan cikin Nassarawa. Yakan wanke, ya tantance, ya sayar wa masu tara irinsu a Legas da ƙasashen waje. Yanzu yayansa Ya'u ya ce a fitar da su kafin rabon gado. Safina ba ta yi musu ba, ita ma so take ɗakin ya zama fayau. Abu ɗaya ta roƙa: a yi aikin da safe, lokacin da 'yarsu Afrah take makaranta.

Afrah shekararta biyar. Ranar da abin ya faru an ɗauke ta an kai ta gidan kakarta a Hotoro, ba a dawo da ita ba sai da aka naɗe tabarmin zaman makoki. Da ta tambaya, Safina ta ce mata Abba ya yi tafiya. Ai tafiyar ya yi, haka take gaya wa kanta. Kullum da yamma yarinyar takan zauna a dakalin baranda tana kallon get, uwar kuma takan kira ta cin abinci, ta yi mata wanka, ta shafa mata mai. Yarinya tana ci, tana barci, ba ta rama. Safina ta ga tun da haka ne, a bar kaza cikin gashinta.

Ta shimfiɗa zannuwa uku a ƙasa, kamar yadda ta sha ganin mai ɗakin yana yi. Na dama na gangariya ne, na tsakiya na dama-dama, na hagu kuma na bango, wato waɗanda suka mutu, sai dai masu otal su saya su manna a bango don ado. Ta zaro faifai na farko daga kwalinsa, ta riƙe shi ta gefe da tafukan hannu biyu, ba a sa yatsa a kan zanen. Ta karkata shi wajen hasken taga. Inda ta ga karce sai ta bi shi da farce a hankali. In farce ya wuce sumul, karcen na sama ne. In ya maƙale, allura ma za ta maƙale. Daga nan ta kwantar da shi a kan teburin gilas ta danna gefe ɗaya, ta ga ko ya lanƙwashe. Ta duba ramin tsakiya, ta shinshina kwalin. Ta ajiye shi a dama. Ta ɗauko na biyu.

Hannunta ya san aikin fiye da yadda ta zata. Dama, tsakiya, dama, hagu. Akwai wanda ta gani da shaidar gindin kofin shayi a kwalinsa, ta san ranar da aka yi shaidar, ta san wanda ya yi faɗa a kai. Ta ajiye shi a tsakiya.

Wajen hantsi aka yi sallama a baranda. Baba Shawulu ne, tsohon malamin makaranta mutumin Wusasa, mazaunin Kawaji, wanda ya koya wa Usaid wannan sana'a, shi kuma ya ɗauki alkawarin sayar da kayan saboda marainiya. Gwaggo Luba, ƙanwar mahaifin Usaid da ta zo taya Safina zaman takaba, ita ta rako shi, ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofa da carbinta.

“Maman Afrah, ya ƙarin haƙuri?”

“Da godiya, Baba. An zo lafiya?”

“Lafiya lau, in ban da tsohuwar nan da ta tsare ni a get kamar na zo satar kaji.”

“To wa ya sani,” in ji Gwaggo. “Bazazzagi da jaka a hammata, ai dole a ƙirga kaji.”

“Kajin Kanawa? Wa zai saci abin da mai shi ya riga ya yi masa kuɗi tun yana ƙwai?”

Gwaggo ta yi dariya har da tafa cinya, sannan ta tuna inda take, ta gimtse, ta koma jan carbi. Safina ta ga ya kamata ta yi murmushi, ta yi.

Baba Shawulu ya durƙusa da ƙyar gaban zanin dama, ya sa tabarau, ya ɗaga fayafayan ɗaya bayan ɗaya yana gyaɗa kai.

“Idonki ya faɗa daidai. Kin saurare su?”

“A'a, Baba.”

“Ko ɗaya?”

“Ido ne kawai.”

Ya cire tabarau. “To ai ba a gama ba, 'yata. Wani faifan za ki gan shi yana sheƙi kamar goshin amarya, ki ɗora allura ki ji yana tafasa kamar ana suyar ƙosai. Tsohuwar allura ce ta cinye shi ta ciki, ido ba ya gani. Ni ba na rubuta gangariya a kan abin da kunne bai ji ba. In ka ɓoye wa mai saye, allura za ta gaya masa a ɗakinsa, shi kaɗai, ba ka nan balle ka yi bayani. Marigayi bai taɓa yi ba.”

“Kiɗa?” Gwaggo ta ajiye carbi a cinya. “A gidan nan? Mace na takaba a ji ganga na tashi? Malam, ka rufa mana asiri da bakin maƙwabta.”

“Hajiya, ba biki za mu yi ba.”

“Maƙwabta ba su san haka ba.”

“Ka tafi da su gida ka saurara mana, Baba,” in ji Safina.

“Da kunnen nawa? Na hagu ya yi ritaya tun kafin ni, na dama kuma rabin albashi yake karɓa. Shekara uku ke nan Usaid ne kunnena.” Ya miƙa hannu bayan garmahon ya jawo abin sauraro mai rufe kunnuwa, da doguwar wayarsa. “Ga wannan. Ko ƙudan da ke ɗakin ba zai ji ba.”

Gwaggo ta taɓe baki.

Safina ta karɓa. Fatar abin ta ɗan tsattsage, kuma an buɗa shi daidai girman kan da ya fi nata. Ta rage shi, ta ɗora a kan hijabinta. Baba Shawulu ya yaye ƙyallen da ke rufe da garmahon, ya hure ƙura, ya nuna mata inda ake ɗaga hannun allura da inda ake sauke shi. Faifan ya fara juyawa.

Duniya ta ɗauke. Da farko ƙas-ƙas kaɗan, sai jita da ƙaho na mutanen Kwango suka cika mata kai. Ba waƙar take ji ba, abin da ke ƙarƙashin waƙar take nema, tafasar nan da aka ce. Babu. Ta ɗaga babban yatsa, Baba Shawulu ya zare faifan ya ɗora wani. Na biyu lafiya. Na uku kuwa, mai sheƙin nan da ta yi niyyar sawa a saman tari, yana farawa ta ji suyar. Ta girgiza kai, aka mayar da shi tsakiya. Ta ga bakin Gwaggo yana motsi, ta ga bakin tsohon yana ramawa, ba ta jin ko ɗaya. Ta ga wannan zaman ya yi mata. Da za a bar ta a haka har magariba, da ta zauna.

Na nawa ne ma, ba ta sani ba, wani faifan goge da kalangu yana kai, sai ta ga Gwaggo ta miƙe zumbur, carbi ya faɗi ƙasa. Ta waiga.

Afrah ce a bakin ƙofa, da jakar makaranta a baya da gorar ruwa a wuya. Sai a lokacin Safina ta tuna yau Juma'a, ana tashi da wuri. Kwanakin duk sun zame mata iri ɗaya.

Yarinyar ba ta kalli uwarta ba, ba ta kalli baƙon ba. Faifan da ke juyawa take kallo. A gidan nan mutum ɗaya ne yake sa shi juyawa. Ta yar da jakar, ta juya da gudu.

Safina ta zare abin daga kunnenta, sai muryar ta faɗo mata gaba ɗaya.

“Abba! Abba ya dawo! Abba!”

Ana jin ƙarar takalminta a falo, a ɗakin barci, ta buga ƙofar banɗaki, ta fita ta ƙofar kicin zuwa inda yake ajiye mota.

Gwaggo ta matso ta rage murya. “Ki ce shi aka yi wa waya ya ce a gwada. Ki ce yana hanya. Yarinya ce, za ta manta.”

Baba Shawulu ya sunkuyar da kai yana goge tabarau da bakin rigarsa.

Safina ta dubi taga. Ta hango Afrah a ƙarƙashin bishiyar mangwaro tana leƙa bayan tankin ruwa, tana dariya, don Abba yakan ɓuya a nan. In ta bi ta Gwaggo, yau yarinyar ba za ta ci abinci ba, a get za ta yini. Gobe ma haka. Wata rana kuma wata 'yar ajinsu, ko mai wanki, ko wata baƙuwa mai dogon baki, za ta gaya mata a inda uwarta ba ta nan.

“Gwaggo, a ba mu wuri. Baba, ka yi haƙuri.”

“Ke 'yar nan…”

“Na ji, Gwaggo. A ba mu wuri.”

Suka fita. Afrah ta dawo tana haki, ƙasa a gwiwoyin wandonta.

“Ummi, ina ya ɓuya?”

“Zo nan.”

Ta zaunar da ita a cinya, ta cire mata gorar daga wuya, ta kakkaɓe mata gwiwa. Muryarta ta fito daidai, irin wadda take cewa a wanke hannu da ita.

“Ni na kunna, ba Abba ba. Abba bai dawo ba. Motarsu ta yi hatsari a hanya, ya rasu. Allah ya karɓi abinsa. Ba zai dawo gidan nan ba, Afrah.”

Yarinyar ta dube ta.

“Ko an gyara motar?”

“Ko an gyara.”

“Ko da Sallah?”

“Ko da Sallah.”

“Ke kika ce tafiya ya yi.”

“Ni na ce. Ban gaya miki duka ba. Yanzu na gaya miki.”

Afrah ta kama wasa da bakin hijabin uwarta, tana naɗe shi a yatsa tana warwarewa. Safina ta riƙe ta, tana jin bugun ƙirjinta yana sauka a hankali daga gudun da ta sha. Ta jira kuka, nata ko na yarinyar. Daga masallacin layin baya aka fara gwada lasifika.

Faifan ya kai ƙarshe. Allura ta shiga zanen tsakiya tana zagayawa, ƙaramin ƙas, ƙas, ƙas yana fitowa daga abin sauraron da ke yashe a kan tebur.

“Ummi, ki ɗaga,” in ji Afrah. “Abba ya ce in aka bari allurar tana cinyewa.”

Safina ta miƙa hannu ta ɗaga, ta mayar da ita mazauninta. Ta zare faifan, ta riƙe shi ta gefe. Ba ta tuna ko ta ji tafasa a cikinsa ko ba ta ji ba. Sai an sake saurara. Ta ajiye shi a gefe, ba a kan ko ɗaya daga zannuwan ba.

“Kin ci abincin makarantarki?”

“Na rage.”

“Tashi mu je ki ƙarasa.”

Afrah ba ta tashi ba, ta ƙara lafewa. Safina ta gyara mata zama a cinyar, ta jingina bayanta da kantar fayafayan. A baranda tana jin Baba Shawulu yana ce wa Gwaggo zai dawo ranar Litinin, Gwaggo kuma tana cewa ya zo da nasa kofin shayin.