Garar Sora Ba Ta Samu Biza Ba

Ranar da Maman Sora ta kawo maganar auren 'yarta, Hajiya Nana Hafsat tana tsakar gida tana tsinke zogale. Ta ture tiren gefe ta rangaɗa guɗa, har kajin maƙwabta suka watse.

Maman Sora mutuniyar Koriya ce, dakta a harkar waken suya a cibiyar binciken noma ta Samaru. Ta daɗe tana haya a gidan da ke manne da na Nana. Sunanta na takarda Dakta Yun, amma tun da aka ji tana da 'ya ɗaya tilo mai suna Sora can ƙasarsu, unguwa ta raɗa mata Maman Sora, sunan ya bi ta har ofis.

"Allah ya sanya alheri," in ji Nana. "A Koriya za a ɗaura?"

"A'a, Hajiya. A wani tsibiri ne a tsakiyar teku, yaran ne suka zaɓa. Wai akwai kwakwa da rairayi."

"Rairayi kuma? Da sun zo nan, ga shi tifa-tifa a hanyar Basawa. To, ke da wa za ku tafi?"

"Ni da akwatina."

Nana ta zuba mata ido, ta ga babu alamar wasa. Mijin matar ya daɗe da rasuwa, wanta guda ya tsufa ba ya iya hawa jirgi. Ango kuwa da uwarsa da ubansa da ƙannensa da kawunnansa, duk za su hallara.

Abin ya tsaya wa Nana a rai. Uwar amarya ta tsaya gaban surukai ita kaɗai, hannu rabbana, ba 'yar rakiya, ba gara? Ai ta san halin dangin miji, na Samaru ne ko na Koriya: da sun ga yarinya ba kowa a bayanta, shi ke nan sun samu ta juyawa. Kuma wannan matar ce lokacin bikin 'yar Nana ta ɗaura zani a ƙirji ta kama muciya, ta tuƙa tuwo har tafin hannunta ya yi bororo. Nana ba ta manta ba, ba kuma za ta bari a ga aminiyarta a wulaƙance ba.

"Ni zan raka ki," ta ce. "Gara kuma ki bar min."

Maman Sora ta ɗan sunkuyar da kai. "Na gode, Hajiya."

Washegari suka hau bas ɗin Sabon Gari, suka sauka a PZ, suka haura bene zuwa ofishin Obi mai sayar da tikitin jirgi. Obi haifaffen unguwar Muchia ne, Hausa a bakinsa kamar shi ya koya wa Nana. Ya karɓi fasfon Maman Sora, ya daddanna kwamfuta, ya yi murmushi.

"Dakta, ke taki mai sauƙi ce. Da fasfon Koriya ba kya buƙatar biza a tsibirin nan. Ki dai tabbatar fasfon bai kusa ƙarewa ba, ki riƙe tikitin dawowa da adireshin masaukinki. Kina sauka za su buga miki hatimi su ce barka da zuwa."

"Madalla da mutanen kirki," in ji Nana, ta zaro nata daga jaka ta ajiye masa. "Buga min nawa."

Obi ya buɗe ya rufe, ya sosa ƙeya. "Hajiya, wannan ai tun aikin Hajjinki ya ƙare. Ko da bai ƙare ba, mu sai da biza. Za ki cika takardu, ki kawo shaidar banki, ki jira amsa. Kafin ta fito ina jin an yi sunan ɗan fari."

"Ita ba su tambaye ta komai ba, ni ce mai kama da ɓarauniyar kwakwa?"

"Ba ni na kafa dokar ba, Hajiya."

"To ka kira su ka ce ƙawar uwar amarya ce."

Obi ya ce babu gurbin ƙawar uwar amarya a takardarsu. Nana ta ce lallai mutanen nan ba su san biki ba. Ta yi tsaki, ta mayar da fasfonta jaka, ta ce ba komai, in ƙafarta ba ta je ba garar za ta je ta yi magana a madadinta.

Da jin kalmar gara, Obi ya gyara zama. Ya juyo musu da fuskar kwamfutar, ya shiga karantowa: ba a shiga tsibirin da nama, ɗanye ko soyayye. Ba a shiga da man shanu, ko zuma, ko ƙwayar da za ta iya tsira. Akwati kuma guda ne, sai an ɗora shi a sikeli.

Nana tana jin sa tana gyaɗa kai, irin gyaɗawar da ake yi wa yaro in yana ba da labarin mafarki. Ita da ta yi shekaru tana saro atamfa, wane shinge ne ba ta wuce ba? Ma'aikaci ai mutum ne. Ka gaishe shi da kyau, ka tambayi iyali, ka miƙa masa ɗan abin taɓawa, sai ya ɗaga maka hannu. A ranta ta riga ta ware leda guda ta dambun nama, ta ma'aikatan tsibiri.

Kafin mako ya zagayo unguwa ta ɗauka. Gidan Nana ya koma kamar masana'anta: nan ana murza alkaki, can ana dakan nakiya, ga dubulan yana iyo a mai. Maigidanta Malam Zailani ya dawo daga masallaci ya rasa inda zai taka, ya tambayi abincin rana aka miƙa masa cincin a murfin kwano. Ya ce shi dai bai taɓa jin an kai gara a jirgin sama ba. Nana ta ce yanzu zai ji.

Kuma ba ita kaɗai ba. Matar mai kanti ta aiko da gwangwanin man shanu. Matan cocin da Maman Sora take zuwa a Sabon Gari suka ji labari, suka ce ba za a bar su a baya ba, suka zo da busasshen kifi da garin agushi. Wata tsohuwa ta kawo ƙullin daddawa, ta ce a ba amarya, miyar farko ce ke kama miji. Kowa ya shiga gidan Maman Sora da kaya, sai ta miƙe ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Na gode, Allah ya saka da alheri."

Nana tana jin haka tana hura hanci, don tarbiyyarta ce. Farkon zuwan matar, in aka kai mata abinci sai ta ce ta ƙoshi. Nana ce ta zaunar da ita ta ce a garin nan ba a mayar da hannun kyauta, ko ba kya so ki karɓa ki yi godiya. Ga shi kuwa karatu ya zauna.

Ana jibi tafiya, da hantsi, Nana ta ɗauki ledar ma'aikata ta shiga gidan ba sallama, kamar yadda ta saba. Falon ya cika da bokitai har bakin ƙofa. Maman Sora tana durƙushe a kan akwati tana danna shi da gwiwa, zufa na bin wuyanta. A gefe ga sikelin da take auna wake. A kan kujera kuma ga wata doguwar riga shimfiɗe, ruwan hoda, mai sheƙi, an ninke hannayenta a hankali.

"Wannan fa?"

"Hanbok ce, rigar da uwar amarya take sawa a wurinmu. Mahaifiyata ce ta ɗinka min tun Sora tana goye."

"To me take yi a waje?"

Maman Sora ta share goshi. "Babu wuri, Hajiya. Na cire abin da Obi ya ce an hana, na zuba alkaki da nakiya da dubulan, su ba a hana ba. Sikeli ya cika. Zan sa rigar da nake zuwa ofis da ita, tana da kyau."

Nana ta leƙa akwatin. Ban da buroshin haƙori da takalmi ɗaya, babu abin matar nan a ciki. Duk kayan Nana ne, an jera su tsaf kamar za a kai gasa. Sai ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, ga tausayi, ga haushin kanta.

"Me ya hana ki ce min ya yi yawa?"

"Ke kika ce ba a mayar da hannun kyauta."

"Na ce, amma ban ce ki je bikin 'yarki da kayan duba wake ba."

Ta ajiye ledar, ta ture Maman Sora gefe, ta shiga kwashe alkakinta da hannunta tana faɗa. Faɗan na kowa ne: na Obi, na mutanen tsibiri, na wanda ya ƙirƙiro sikeli. Ta ɗauko rigar ta ninke da kanta, ta shimfiɗa a ƙasan akwatin, ta bar ɗan gurbi ta cusa dubulan cikin ƙaramar roba. Maman Sora tana tsaye tana dariya, idonta ya kawo ruwa.

"Sauran fa, Hajiya? Mutane sun wahala."

Nana ta dubi bokitan, ta riƙe ƙugu. Matsalarta tana nan inda take: jibi matar nan za ta kama hanya ita kaɗai, surukai kuma ba za su san da kowa ba. Ta tambaya ko dangin angon sun isa tsibirin. Aka ce sun isa, har Sora.

"Wayarki tana nuna mutum?"

"Tana nunawa."

"To gobe akwai biki a gidana. In gara ba ta samu biza ba, a ci ta a nan suna kallo."

Malam Zailani ya ce biki ba ango ba amarya, wannan kuma sabon salo ne. Duk da haka shi ya je ya aro kujeru, ya kuma sa babbar rigarsa.

Washegari kafin azahar tsakar gidan ta cika ta batse. Matan unguwa sun sha anko na dole, kowa ta ɗauko atamfar da ta fi kusa da ruwan hoda. Matan coci sun zo da ɗaurin kansu mai tsayi, ma'aikatan cibiya sun zo, Obi ma ya rufe ofis ya hau bas ya zo ya ga ƙarshen lamarin. An jera bokitan gara a tsakiya, an buɗe murafan. Nana ta sa Maman Sora ta saka hanbok ɗin, ta ce a fara ganinta a nan.

Aka kira waya. Fuskar Sora ta fito, bayanta teku, kusa da ita wani saurayi mai gilashi da wata dattijuwa mai gajeren gashi, uwar ango. Maman Sora ta ɗaga wayar tana juyawa da ita a hankali, daga bakin zaure har madafa. Mata suka saki guɗa. Sora ta toshe baki da hannu biyu. Uwar ango ta miƙe tsaye ta sunkuya, ta sake sunkuyawa, matan Samaru suka rama mata, ɗankwali biyu suka faɗi ƙasa.

Nana ta karɓe wayar, ta riƙe ta dab da hancinta.

"Maman Sora, ki fassara mata. Ki ce muna gaisuwa, muna taya murna. Ki ce duk abin nan da ta gani na 'yarmu ne, dokar tsibiri ce ta tare shi, ba rowa ba. Ki ce yarinyar nan ba daga sama ta faɗo ba, tana da iyaye cike da gida. Mun ba su amana. In ta yi laifi a kira mu, mu za mu yi mata faɗa. In kuma aka sa ta kuka, to za su gan mu."

"Sai dai da biza," in ji Obi ƙasa-ƙasa, bakinsa cike da nakiya. Wata ta make shi da mafici.

Maman Sora ta matso kusa da wayar. Ta faɗi 'yar gajeruwar magana da yarensu. Dattijuwar ta dubi Nana, ta dafa ƙirji, ta sunkuya fiye da na farko. Sora kuwa kuka take yi sosai, angon yana miƙa mata hankici.

Nana ta juyo da zargi. "Duk jawabin nan da na yi, shi kika dunƙule a numfashi ɗaya? Me kika ce mata?"

"Na ce mata ke yayata ce."

Hajiya Nana Hafsat ta dubi wayar da ke hannunta. Ta miƙa wa Maman Sora abarta, ta ja bakin mayafi ta rufe fuska. Da ta sauke shi idonta ya yi ja, sai ta juya kan matan da ke bakin bokiti, ta ce su ji tsoron Allah su rage wa maza alkakin.