Buhun Albasar Godiya

A gidan Malam Kalilu mai ɗori a Aliero ba a tambayar mutum yadda aka yi ya karye. Haka suka gada. Ka zo da ƙashinka, a ja, a shafa man shanu, a jera kara a ɗaure, ka kwanta sai ran da aka ce ka taka. Maza a rumfar waje, mata daga ciki, zana ce kawai a tsakani. To, bayan zanar nan Iklima take kwance da karyayyar ƙafa, tana jin wanda ya jawo mata karayar yana ta ba 'yan dubiya dariya.

Iklima 'yar garin Maiyama ce, tana cikin ɗaliban farko na sabuwar jami'a. Ran da aka gama jarrabawa 'yan ajinsu suka haɗa ɗan biki da la'asar, a gidan da samarin ke haya bayan kasuwar albasa. Aka kawo zoɓo mai sanyi a jarka, ba wanda ya gaya mata an juye masa giya da maganin tari. Ta sha ta ƙara, kai ya fara juyawa. Zaharaddeen, shugaban ajin, mai fara'ar nan da kowa ke yabo, ya ce ta shiga ɗaki ta huta. Yana biyo ta ya sa sakata. Abin da ya cece ta, shi ma ya yi tatil. Ta hankaɗe shi, ta zare sakatar, ta haye katangar baya da yagaggiyar riga, ta dira kan dutse. Gogan naka ya hau babur zai bi ta, bai kai titi ba ya rungumi amalanke, cinya ta tafi.

Abokansa suka kwaso su a mota ɗaya, kuma kafin a iso gidan ɗori sun gama ɗinka labari: wai zamewa ta yi, shi kuma bawan Allah ya ɗauko ta zai kai ta asibiti, tsautsayi ya same su. Suka tuna mata in ta ƙaryata, sai ta faɗi abin da ya kai ta gidan samari da abin da ta sha. Iklima ta ja bakinta. Babanta Malam Shehu sai da ya ɓata da 'yan'uwansa kafin ta zo karatun nan, kuma ya gindaya mata sharaɗi: ran da ya ji wata magana a kanta, ko ta ƙarya ce, boko ya ƙare a gidansa. Ga ƙanwarta Mufida ta samu gurbi, akwatinta ma an riga an saya.

Ranar kasuwa sai ga Malam Shehu da Mufida. Bai zo hannu rabbana ba. Buhun albasa ya sauke wa Zaharaddeen a rumfar maza, irin wadda yake ɓoyewa a rudu, ma'ajiyar albasa, sai ta yi tsada, wadda ko matarsa ba ta isa ta taɓa ba. Iklima na jin ƙarar buhun a ƙasa.

"Yaron ga, Allah shi yi maka albarka," in ji shi. "Ka karye don ɗiyata."

"Haba Baba, ai ƙanwata ce."

Kai, rashin kunya dai ba ta kashe mutum. Iklima ta cusa gefen zane a baki, takaici kamar ya tsaga mata ƙirji, amma ta haɗiye. Ta ce a ranta ya ci albasar, ita dai a bar mata karatunta.

Sai ta ji baban ya kira Mufida ta durƙusa ta gaida yayanta. Ya ce tunda Iklima za ta daɗe ba ta taka ba, ga ƙaramar nan amana, shi ne uwa shi ne uba a makaranta. Zaharaddeen ya karɓa hannu bibbiyu. Har ya ƙara da cewa shi ke shirya wa sababbin ɗalibai bikin maraba, da kansa zai je ya ɗauko ta.

Goggo, matar mai ɗorin, ta sha gaya mata in ta motsa ƙafar nan ɗori ya lalace. Iklima ta ja gindi har bakin zana, kara na gocewa, ta yaye ta. Gaban majinyata da 'yan dubiya ta faɗi komai: zoɓon, sakatar, rigar, katangar. Zaharaddeen ya hau rantse-rantse. Ba shi take kallo ba.

Malam Shehu take kallo. Ya yarda da ita, ta ga haka a idonsa. Amma da ya buɗe baki, ita ya dubo.

"Ke, mi ya kai ki gidan?"

A ranar ya nemo mota, Malam Kalilu na roƙonsa ya bari ƙashin ya kama, bai saurara ba. Buhun kuwa bai ɗauka ba, don shi ba ya kyauta ya karɓe. Ana cicciɓar Iklima ta hangi abokan Zaharaddeen sun farke bakinsa, suna zaɓen manya.

Ƙafar ta warke a karkace. Zaharaddeen ya koma aji da 'yar sandarsa, ana yi masa sannu. Akwatin Mufida kuwa irin albasa ake ajiyewa a ciki. Tun da suka dawo ba ta ƙara sa hannu a kwano ɗaya da yayarta ba. Wata rana Iklima ta ɗingiso ta zauna kusa da ita a tsakar gida, ta ce wallahi don ita ta yi magana.

Mufida ba ta ɗago daga tsintar shinkafa ba.

"Ke kika sha, ke kika hau katanga," ta ce, "ni aka hana karatu. Wa ya aike ki?"