Aksul ɗin Soja a Gadar Ƙauyenmu

Mijina Silvanus mutum ne da ba ya iya ganin ƙarfe ya ƙyale shi. Tun da ya sayi tsohuwar jif ɗin nan a hannun wani Baturen mishan da zai koma gida, ban ƙara ganin farcensa da haske ba. Da ita yake kwaso citta daga ƙauyuka zuwa tashar jirgin Kafanchan, kuma lodi yake yi mata kamar ba gobe. Sai aksul ɗin baya, ƙarfen nan da ke riƙe da tayoyi biyu, ya dinga karyewa. Ya karye a hanyar Fadan Kagoma, ya karye a bayan Godogodo. Na ce masa ya rage kaya. Ina! Wai shi maganin abin ƙarfe mai kauri ne.

A daminar saba'in da biyar aka yi gwanjon matattun motocin soja da suka rage daga yaƙin basasa. Silvanus ya dawo da aksul ɗin ɗaya daga cikinsu, ƙato baƙi, maza huɗu na nishi a ƙarƙashinsa. Ya ɗora jif a kan itace a tsakiyar gidana, ya cire mata ƙafafun baya. Kaji suka mayar da ƙarƙashinta ɗakin kwana, ni kuma kullum ina zagaye ta da tukunya a hannu, ina cin tuntuɓe da sifana. Ranar da ya gama sai ya kira ni in zo in gani.

"Maman Clara, dubi nan. Ko giwa aka ɗora mata, wannan ba zai ce uffan ba."

Na duba. Tayoyin baya sun ɗan leƙo waje, kamar mace ta riƙe ƙugu. Na ce, "To, Allah ya sa alheri," na koma murhuna.

A lokacin nan mahaifina, Baba Andrawus, yana kwance a asibiti da ciwon ciki. Wata safiya likita ya ja ni gefe ya ce sun yi iyakar abin da za su iya. Baba bai ji maganar ba, amma ya gani a fuskata. Ya kama wuyan hannuna, hannunsa ba nauyi ko kaɗan.

"Emilia, kai ni gida. Kada in cika a ɗakin da ban san wanda ya gina shi ba."

A wurinmu tsoho a ɗakinsa yake cikawa, 'yan'uwansa na kewaye da shi, ya ɗora wa jikoki hannu ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage masa ke nan a duniya, kuma ni ya roƙa. Muka shimfiɗa katifa a bayan jif, muka kwantar da shi, na zauna na ɗora kansa a cinyata.

Gaskiya ba zan ci haƙƙin aksul ɗin nan ba, a hanya ya yi aiki. An kwana ana ruwa, taɓo har gwiwa, manyan motoci sun kakkafe a gefe, mu kuwa muna wucewa. Silvanus sai waiwayo ni yake yi yana jiran yabo. Ban ba shi ba, ina lissafin numfashin Baba.

Rana ta ɗan karkata muka iso kogin ƙauyenmu. Ya cika ya batse, ja wur, yana jan rassan itace. Gadarmu ba irin ta gwamnati ba ce. Mutanen gari ne suka yi ta da aikin gayya: layi biyu na tsohon ƙarfen dogo, irin na titin jirgin ƙasa, aka buga katako a kan kowanne, tsakiya kuwa fanko, kana ganin ruwa. Kuma da za su yi ta, jif ɗin Silvanus suka auna da igiya, taya zuwa taya, don ita kaɗai ce motar da ke zuwa garin. Shi da kansa ya riƙe musu bakin igiyar. Wannan duk ya fita daga kansa, ni ma ya fita daga nawa.

Tayoyin gaba suka hau lafiya lau. Na baya suka kama gefen katako, suka ɗan tafi, sai na ji ƙarar da har yau ba na son tunawa. Tayar dama ta zame waje, motar ta murɗe, tayar gaba ta faɗa cikin fankon. Cikin aksul ya zauna daram a kan ƙarfen dogo. Muka karkace, tagar da ke gefena ta koma kallon ruwa.

"Yesu!" na ce. "Baban Clara, me ka yi mana?"

Ya damƙe sitiyari. Ya sa giyar baya, tayoyi suka yi ta juyawa a iska. Duk taka totur ɗin da ya yi sai motar ta ƙara sunkuyawa. Ya kashe inji, ya rarrafo ta kan kujeru. Allah ya taimaka ƙofar baya tana daf da gaɓa. Da dabara muka zaro Baba da katifarsa, muka kwantar da shi a gindin wata ɗorawa.

To ga mu. Ga rufin cocinmu can a tsallake, har ina hango gwandar bayan ɗakin Baba. Jif ta cike gada daga gefe zuwa gefe, ba inda mutum zai raɓa. Mutanen gari suka ji ƙara suka taru a ɗaya gaɓar, ƙanin Baba, Bartholomew, yana gaba. Wani ya gwada hawowa ta kan bonet, wato murfin inji, motar ta yi lilo, mata suka sa ihu, ya koma da baya. Lafiyayye bai iya ba, balle a ɗauko mara lafiya. Ruwa kuwa ko mai iyo ba zai shiga ba.

Silvanus ya kawo jak, ba wurin kafa shi sai iska. Ya kwanta a taɓo ya leƙa, ya tashi, ya sake kwanciya. Ya ce sai an samo babbar mota daga Kafanchan ta ja ta da sarƙa, kuma ko ya tafi da ƙafa yanzu, sai gobe.

Nan na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ce ƙarfi, ƙarfi, ga ƙarfi nan ya samu, sai ya dafa ya ci. Na ce da ya rage buhu biyu tun farko da yanzu Baba yana ɗakinsa. Na faɗi wasu maganganun da ba na zumuntar matan coci ba ne. Yana tsaye, taɓo na ɗiga daga gemunsa. Haushi nake ji, amma tsoro ya fi yawa.

Baba ya buɗe ido. "Mun iso?"

"Saura kaɗan, Baba."

"Ina jin muryar Bartholomew." Ya ja numfashi da ƙyar. "Me muke jira?"

Na dafa goshinsa. Leɓunansa sun bushe, ƙafafunsa sun fara sanyi. Na san goben nan ba tasa ba ce, Silvanus ma ya sani.

Sai na ga mijina ya nufi motar. Ya miƙa hannu ta ƙofar baya ya ciro jakar Baba da akwatin kayan aikinsa, ya ajiye a ciyawa. Ya tsaya a bakin gada ya ɗaga murya.

"Baba Bartholomew! Ku kawo azara masu tsawo. Ku sa ta ƙarƙashin hagun motar, ku ɗaga!"

Bartholomew ya dafa kunne. "Ruwa za ta faɗa fa, surukina!"

"Na sani. Ku ɗaga."

Na riƙe rigarsa. Motar nan ita ce abincinmu, ita ce makarantar Clara. Na buɗe baki in ce kada ya yi, sai na waiwaya na dubi Baba, na saki rigar.

Suka cusa azara daga can, shi ya sa tasa daga nan, ya tura da kafaɗa. Aksul ɗin ya yi gardama, yana kuka a kan ƙarfen dogo, kamar ba zai saki ba. Sannan jif ta mirgina a hankali, ta nuna mana cikinta, ta faɗa. Ruwa ya fantsamo har gindin ɗorawa. Da ya lafa, taya ɗaya kawai ake gani.

Silvanus bai tsaya kallo ba. Ya zo ya durƙusa a gaban Baba ya juya masa baya.

"Maman Clara, kwanto zanenki na sama."

Na goya masa mahaifina kamar jariri, na ɗaure tamau a ƙirjinsa. Ya cire takalmi, ya hau layin katako na hagu, yana jan ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ni ina biye ina riƙe da bakin zanen. Matan da ke tsallake suka fara waƙar coci a hankali.

Da muka kai tsakiya sai na ji Baba ya yi magana a kunnensa.

"Silvanus, ina motarka?"

"Tana hutawa, Baba. Ka riƙe ni da kyau."