Ranar da Ruwa Ya Ɓata Hanya

Tun da kamfanin sukari ya rufe, tsohon direbansa ya ajiye kujera a ƙofar gida ya zama ɗan kallo. Samari sun watse birni, shagunan bakin gada sun koma makwancin awaki. Da mutanen kwarin suka tashi yashe tsohuwar hanyar ruwa daga kogi zuwa gonaki, matarsa ce ta ɗauki shebur ta bi su.

"Kai ba ka zuwa?" ta tambaye shi.

"Bayana ke ciwo."

"Jiya ka ce gwiwa."

"Yawo yake yi."

Tela, mai shago, malamar makaranta, kowa ya sha laka har ya gode wa Allah. Ranar buɗewa, mai walda, wanda shi ne shugaban aikin, ya yi jawabi har rana ta take, sannan aka ɗaga ƙyauren ƙarfen da ya tare ruwan. Ruwa ya taho, ya wuce gonar farko ko kallonta bai yi ba, ya fasa gefen ramin, ya gangara ya kwanta a gonar direba da ke bayan gidansa, wadda rabonta da fartanya har an manta.

Jama'a suka biyo sawun ruwan har gaban kujerar.

"Kawu, ka yi baƙo," in ji mai walda.

"Ban gayyace shi ba."

"To, ba za a iya toshe wurin ba sai mun samo siminti. Kafin nan kai kaɗai ke da ruwa, ga irin albasarmu zai bushe."

Direba ya dubi matarsa. Tana tsaye, laka har gwiwa, ta kafe shi da ido. Ya san irin wannan kallon.

Haka aka dasa albasar kwarin gaba ɗaya a gonarsa. Da farko korar awaki kawai yake yi, wai don kada a ce awakinsa ne suka ci. Kafin wata ya zagayo, shi ke faɗa da tela a kan layin albasar da ya karkace.

Da aka cire albasa, aka rasa wanda ya iya babbar mota sai shi. Aka aro wata mai tari, ya haye gada da kaya, ya kai kasuwar birni yana ta mitar ramuka.

Wani dillali ya murza albasa ɗaya, ya tambayi daga ina.

Direba ya faɗa masa.

"Ai na ji an ce garin nan naku ya mutu."

"Ya mutu," in ji direba. "Buhu nawa za a sauke maka?"